Shawara, Rawar Hannu da Zobe a Ido: Cutar Wilson a Jikin Matasa

(Kiɗan buɗe shiri)

  Ina gaida iyayenmu maza da mata na Bodinga da Sifawa da Dingyadi da Danchadi, da na Shagari da Kajiji da Lambara da Dandin Mahe. Ina gaida ma'aikatan lafiya da ke kwana a ƙananan asibitocin karkara, domin rabin zancen yau nasu ne.

Zancen wata cuta za mu yi wadda ba kasafai ake jin sunanta ba, ko a cikin asibiti. Cutar Wilson ake kiranta. Ta gado ce, tana sa jan ƙarfe ya taru a jikin mutum har ya lalata masa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma yara manya da matasa ta fi bayyana a jikinsu. Na san wani dattijo zai ce: ga zazzaɓin cizon sauro, ga sikila, ga tamowa, ga hawan jini, duk suna tsaye a bakin ƙofa, me ya kai mu ga cutar da sai an tona kafin a gan ta? Baba, ka yi gaskiya, ba ta da yawa. Amma tana cikin 'yan tsirarun cututtukan gado da ake iya danne su da ƙwayar magani. In an gane ta da wuri, yaro zai yi karatu, ya yi noma, ya yi aure, ya tsufa kamar kowa. In ba a gane ta ba, kashe shi take yi, kuma kafin ta kashe shi sai an kira ta da wasu sunaye da dukanmu muka sani: shawara, shaye-shaye, jifa, taɓin hankali.

Jan ƙarfen nan dai shi ne wanda kuka sani, na cikin wayar lantarki, wanda 'yan jari-bola ke nema ruwa a jallo. Akwai shi ɗan kaɗan a cikin wake da gyaɗa da nama da hatsi, kuma jiki yana bukatarsa wajen haɗa jini da ƙarfafa jijiyoyi. Abin da baligi ke bukata a yini bai kai miligiram 1 ba, wanda ke jikinsa gaba ɗaya kuwa bai wuce kimanin miligiram 100 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na giram. Kullum mukan ci fiye da bukata. Hanta ce ke karɓar rarar, ta zuba ta cikin ruwan matsarmama, wannan koren ruwa mai ɗaci da mahauci ke kaffa-kaffa da shi idan yana gyara hanta, daga nan ya gangara hanji ya fita da bayan gida.

Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa da damina ya san aikin indararo. In ya toshe, ruwa ba ya fasa sauka don ya toshe. Kwanciya yake a kan rufi, ƙasa ta sha ta sha, mai ɗaki bai sani ba, sai ranar da azara ta fara ɗiga ko bango ya tsage. Mai cutar Wilson an haife shi da toshewar wannan mafita a cikin hantarsa. Tun yana shan nono jan ƙarfe ke taruwa, hanta tana haɗiyewa shekara da shekaru ba ta ce uffan ba. Idan ta cika sai ya malala cikin jini, ya je ya zauna a ƙwaƙwalwa, musamman sashen da ke sarrafa motsi, ya zauna a ido, ya zauna a ƙoda. Shi ya sa jariri ba ya nuna komai. Yawanci alamun sukan fito ne tsakanin shekara 5 zuwa 35. Na hanta sukan riga zuwa, tun ana yara ko farkon balaga, na ƙwaƙwalwa su biyo baya, wajen shekarun samartaka zuwa ashirin da wani abu.

Mu ƙaddara wani saurayi, misali ne kawai, ɗan shekara 19, yana kabu-kabu tsakanin Bodinga da Sakkwato. Yana ɗan shekara 12 idonsa ya taɓa yin ɗorawa, aka ce shawara ce, aka jiƙa masa saiwar rawaya, bayan 'yan makonni ido ya washe, kowa ya manta. Yanzu ga shi a teburin mai shayi, ya ɗauko kofi, kafin ya kai baki rabi ya zube a riga. In zai ba fasinja canji sai kuɗin su suɓuce. Rubutunsa, wanda malamin makarantar allo ke yabo a da, ya ƙanƙance ya cakuɗe. Harshensa ya yi nauyi, sai an ce "me ka ce?" sau biyu. Da safe matashin kansa a jiƙe da miyau. Ruwa yana sarƙe shi. Bakinsa ya zama a ɗan buɗe kullum, kamar mai murmushi alhali ba abin dariya. In aka ce ya ɗaga gwiwar hannu ya tanƙwara hannayen a gaban ƙirji, sai su dinga kaɗawa sama da ƙasa tun daga kafaɗa. Tafiyarsa ta canza, yatsun ƙafa ko wuya su riƙa murɗewa ba da sonsa ba. Yaron da ba ya ɗaga ido ya kalli babba ya koma mai saurin fushi, ya zagi ƙanensa, ya fasa kwano, ko ya shige ɗaki ya ƙi kowa.

Me za a ce a gidan? Uba zai ce ƙwaya yake sha, ai abokansa na tasha ne suka lalata shi. Uwa za ta ce ba yin kansa ba ne, an yi masa jifa. Kawu zai ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Kowa yana riƙe da gefe guda na gaskiyar abin da ya gani, amma babu wanda ya tuna shawarar shekara bakwai da suka wuce, don a tunaninmu ciwon ciki daban, ciwon kai daban. Nan ne cutar ke ɓuya. Mai maganin shawara bai ga rawar hannu ba, don lokacin ba ta zo ba. Wanda ya ga rawar hannu ba a ba shi labarin shawara ba, don ba a ɗauka ya shafe shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan cuta shi ne, sau da yawa hankalin yaron yana nan. Bakinsa ne ya ƙi, hannunsa ne ya ƙi, amma yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Yana ji ana kiransa ɗan ƙwaya a zaure, ba shi da harshen da zai kare kansa. Don Allah iyaye, kafin a yanke wa yaro hukuncin shaye-shaye saboda maganarsa ta yi nauyi, a tambayi kai: an taɓa kama shi da wani abu? In ba a taɓa ba, a ba asibiti dama.

A wajen 'ya'ya mata akwai ƙarin alamu. Al'ada takan rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Amarya takan yi ta ɓari, ciki bayan ciki, a ɗora wa kishiya ko iska. Akwai kuma wani salo mai hatsarin gaske da ya fi samun 'yan mata: cikin 'yan kwanaki ido ya yi ɗorawa shar, fitsari ya yi duhu, jini ya ƙare saboda jan ƙarfen da ya kwararo yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sai barci mai nauyi da sambatu. Wannan hanta ce ke mutuwa farat ɗaya. Ba a kwana da irin wannan a gida, ba a jira ranar kasuwa a sayar da akuya. A nemi mota a nufi Sakkwato.

Wasu kuma ba rawar hannu, ba canjin hali, hanta ce kaɗai ke ciwo a hankali har ta ƙandare: gajiya, rashin son abinci, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, saifa ta girma, haɓo ya yawaita, wata rana a wayi gari da aman jini.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kada wani ya tashi daga gaban rediyo ya ce duk mai shawara cutar Wilson ke gare shi. A'a. A ƙasarmu abin da ya fi kawo shawara shi ne ƙwayoyin cutar hanta, da zazzaɓin cizon sauro, da sikila, da magungunan da ake ɗirka ba ƙa'ida. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Saboda haka likita yana da hujja in ya fara neman wannan. Inda nake so a tsaya a yi tunani shi ne idan an gwada B babu, an gwada C babu, ba sikila, yaro ba ya shan giya, amma hanta tana ta lalacewa. Ko kuma idan ciwon hanta da rawar jiki ko canjin hali suka haɗu a jikin mutum ɗaya da bai kai shekara 40 ba. Ko kuma idan a ɗaki ɗaya an taɓa rasa wani yaro da kumburin ciki, ga wani yanzu hannunsa yana rawa. A irin wannan hali, tambayar "ko cutar Wilson ce?" ba ta da tsada, kuma ko ma'aikacin ƙaramin asibiti yana iya rubuta ta a takardar tura majiyyaci.

Ƙiyasin da likitocin duniya suka daɗe suna aiki da shi shi ne mutum 1 cikin 30,000. In muka ɗauki wannan muka auna da ƙidayar 2006, lokacin da aka ƙirga sama da mutum 170,000 a ƙaramar hukumar Bodinga da sama da 150,000 a Shagari, lissafi zai ba mu kimanin mutum goma a ƙananan hukumomin biyu, sama da ɗari kuma a jihar Sakkwato mai mutum miliyan 3.7 a wancan lokaci. Lissafin alƙalami ne, ba ƙirgen majiyyata ba, kuma jama'a ta ƙaru sosai tun daga lokacin. Mutum goma ba yawa ba ne a takarda. A gidan da ɗayansu yake kuwa, ɗa ne sukutum.

Kada kuma a haɗa wannan da abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can guba ce ta shigo daga waje, daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje, ƙura ta shiga bakin yara, kuma duk wanda ya shaƙa yana cikin hatsari. A cutar Wilson ba a ci guba ba. Tuwon da kowa ya ci shi mai cutar ya ci, jikinsa ne ya kasa fitar da rara. Munduwar jan ƙarfe ko zobe ba sa kawo ta. Ba a ɗaukarta a kwano ko a shimfiɗa ko a numfashi, don haka babu dalilin ware wa yaro kofinsa.

To ta ina take zuwa? Alhamdu lillahi, sikila ta riga ta koya mana wannan darasi. Yanzu ko a ƙauye an san zancen AS da AS. Haka wannan take. A shekarar 1993 masana suka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin fitar da jan ƙarfe daga hanta, suka sa mata suna ATP7B. Kowa yana da guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ɗayarsa ce kawai ta lalace lafiyarsa ƙalau, har ya mutu ba zai san yana ɗauke da komai ba, kuma an ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 90 haka yake. Sai idan irin waɗannan biyu sun yi aure ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haɗuwa da lalatattun biyu. Ku lura, kowane ciki da nasa rabon. Ba wai in ɗa na fari ya samu sauran ukun sun tsira ba. Ana iya haifar takwas babu ko ɗaya, ana iya haifar uku biyu su samu. Kuma ina roƙon surukai su ji wannan da kyau: ba daga dangin uwa kaɗai ta fito ba. Sai uba ya kawo rabi, uwa ta kawo rabi.

Wannan ya kawo mu ga auren zumunci, kuma zan taka a hankali, don ni ma na san darajarsa. Halal ne, ya riƙe gidaje da yawa, ya tsare marayu da dukiya, Hausawa da Fulani mun gaje shi kaka da kakanni. Mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiyayyu ne. Sai dai ɗan wa da 'yar ƙane kakansu ɗaya, in kakan yana ɗauke da lalatacciyar ƙwaya, hanyar da za ta bi ta haɗu da kanta a jikin jika ta fi kusa. Shi ya sa ake samun cutar da yawa a wuraren da mutane suka daɗe suna aure a tsakaninsu, kamar tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya. Ban ce a fasa ba. Cewa nake, gidan da aka tabbatar da cutar a cikinsa, su zauna da likita kafin a ɗaura wani auren na gida, yadda muke yi da sikila.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu sai ido, wanda shi ne ƙofar da ta fi sauƙin ƙwanƙwasawa. A 1902 da 1903 wasu likitocin ido biyu na ƙasar Jamus, Bernhard Kayser da Bruno Fleischer, kowanne ya ba da labarin wani zobe mai ruwan ƙasa-ƙasa, wani lokaci da ɗan kore ko ruwan zinariya, da ke kewaye baƙin ido daidai inda ya haɗu da fari. Jan ƙarfe ne ya kwanta a cikin tantanin da ke rufe baƙin ido. Yakan fara daga sama, sannan ƙasa, daga baya ya haɗe ya zama zobe. Ba ya ciwo, ba ya hana gani. Cikin masu cutar da ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, sama da tara cikin goma suna da shi. Cikin waɗanda hanta ce kaɗai ta nuna, kimanin rabi ne, don haka rashin zobe bai wanke mutum ba.

Na san yanzu wasu sun ɗauko madubi ko sun haska fitilar waya a idon ɗansu. Ku ajiye. A idon Bature mai shuɗi ana iya hango zoben da ido. A namu mai duhu, ruwan ƙasa ne a kan ruwan ƙasa, yana iya kasancewa a nan ba ka gan shi ba. Sai da na'urar likitan ido, wadda za ka ɗora haɓa a kanta, ka jingina goshi, a saki wani siririn haske ya ratsa idon, likita yana leƙe ta madubin da ke girmama abu. Minti kaɗan ne, ba allura, ba yanka. Farin zoben nan kuma da ake gani a idon tsofaffi, wannan maiƙo ne na tsufa, ba ruwansa da zancenmu.

Wanda aka sa wa cutar sunansa, Samuel Alexander Kinnier Wilson, likitan jijiyoyi ne a birnin Landan. A 1912 ya wallafa dogon bincike a kan wasu matasa, huɗu daga cikinsu shi da kansa ya bi su, masu rawar jiki da ƙagewar gaɓoɓi da nauyin baki. Ya lura cutar tana bin 'yan ɗaki ɗaya. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne da aka duba gawarwakin, hantar kowanne ta ƙandare, alhali suna raye ba ita ake kuka da ita ba. Shi ne ya ɗaura hanta da ƙwaƙwalwa a igiya ɗaya, amma bai san jan ƙarfe ne ba, kuma ba shi da abin ba su. Sai a 1948 John Cumings ya tabbatar da tarin jan ƙarfe a hanta da ƙwaƙwalwar masu cutar. A 1956 wani likitan Ingila, John Walshe, ya fito da maganin sha na farko, penisilamin, bayan ya lura da shi a fitsarin majiyyatan da ake yi wa allurar penisilin. Kafin ya ba kowa, shi ya fara haɗiya ya ga ko zai kwana lafiya. A 1969 ya ƙara kawo wani, tirayentin, don waɗanda na farkon bai karɓe su ba. Wato kusan shekara saba'in ke nan da cutar ta daina zama hukuncin kisa.

Ina za a je? A fara da asibitin gwamnati mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da likitocin ciki da na jijiyoyi da na ido a wuri ɗaya. Mutanen Bodinga da Shagari kun yi sa'a, titi ɗaya ne ya miƙe da ku har birni. In kuma canjin hali ne ya fi tsanani har aka fara da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, babu laifi, likitoci ne ƙwararru, amma ku ba su labari cikakke. Ku ce ya taɓa shawara. Ku ce yayarsa ta rasu da kumburin ciki. Ku ce iyayensa 'yan wa da ƙane ne. Wannan yana da muhimmanci, don wasu magungunan kwantar da hankali suna ƙara wa mai cutar Wilson ƙagewar jiki, likita kuma ba zai yi duba ba, abin da aka gaya masa da abin da ya gani da su yake aiki. Shawarata, a tafi da uwa ko kaka. Uba yakan san abin da aka kashe, amma uwa ce ta san wane yaro ya yi wane ciwo a wace damina.

Ban da ido, akwai gwajin jini na wani sinadari mai ɗaukar jan ƙarfe, serulofilasmin, wanda yakan yi ƙasa a yawancin masu cutar. Akwai gwajin aikin hanta da hoton ciki. In gwajin jan ƙarfe babu shi a kusa, akan ɗebi jini ko fitsari a aika manyan ɗakunan gwaji. Na fitsarin shi ne aka fi ɓatawa a gida, don haka ku saurara. Za a ba ku jarka ta musamman, kada a sauya ta da gwangwani ko kwanon ƙarfe ko jarkar da aka ɗauraye da ruwan rijiya. In an tashi da asuba, fitsarin farko a zubar, a duba agogo. Daga nan duk wanda ya zo, na rana da na dare, a cikin jarkar, har zuwa na asubar gobe daidai wannan lokaci, shi ma a zuba. In an manta sau ɗaya aka yi a makewayi, a gaya wa ma'aikacin gaskiya a sake, ya fi a kai rabin fitsari a samo sakamakon ƙarya. Mai cutar da ta bayyana yakan fitar da sama da maikirogiram 100 a yini, lafiyayye kuwa ba ya kai 40. Babu gwaji ɗaya da ke yanke hukunci shi kaɗai, likita ne ke haɗa su.

Magani iri biyu ne. Penisilamin da tirayentin suna kama jan ƙarfen da ya riga ya taru su fitar da shi ta fitsari. Zinki kuwa, wanda iyaye mata suka sani a maganin gudawar yara, yana tare jan ƙarfen abinci tun a hanji ya hana shi shiga jini. Kada jin haka ya sa wani ya je kemis ya sayo zinki ya fara ba yaro. Awon daban ne, kuma in an sha kafin gwaji yana rikita sakamako. Ana shan waɗannan magunguna ba a kan abinci ba, kamar awa ɗaya kafin a ci ko awa biyu bayan an ci. Penisilamin yana da nasa fitintinu: ƙuraje, zazzaɓi, taɓa ƙoda, rage ƙwayoyin jini, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6 kuma ake yawan duba jini da fitsari. Wasu ma rawar jikin takan ƙaru a farkon shan magani, don haka likita yakan fara da kaɗan yana ƙarawa. Sauƙi ba ya zuwa a mako guda. Hanta takan farfaɗo cikin watanni, baki da hannu kuwa sukan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu suna dawowa, zoben ido ma ya dusashe a hankali. Abin da ya riga ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa duka, shi ne dalilin gaggawa.

Ga inda aka fi yin asara: maganin na har abada ne. Saurayi ya samu sauƙi, ya koma kan babur, ya ga kuɗin magani yana cin jarinsa, ya ce ai na warke. An ga waɗanda suka daina sha bayan shekaru suna lafiya, hanta ta rushe musu cikin ƙanƙanin lokaci, abin da ya rage sai dashen hanta, wanda sai an fita Indiya ko Masar da miliyoyin da talaka ba ya da su. Mai ciki ma ba ta dainawa, likita ne zai daidaita mata awo. Zancen azumi kuma a yi shi da likita tun Sha'aban, a tsara lokutan sha. Ba na ɓoye muku, penisilamin da tirayentin suna da tsada kuma ba kowane kanti ke da su ba. Zinki ya fi araha, kuma likitoci sukan mayar da majiyyaci kansa idan jiki ya daidaita. A yi addu'a, a yi sadaka, a nemi malamai su taya da roƙo, duk muna yi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, don haka neman magani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Abin da nake hana ku shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba da farasitamol barkatai a kan hantar da ke fama da kanta. Giya kuwa ba ma sai an faɗa ba.

Abinci: musamman a shekarar farko, a nisanci hanta, ko ta tsire ko ta layya, don ita ce ma'ajiyar jan ƙarfe a jikin dabba ma. A rage gyaɗa da ƙuli-ƙuli da riɗi da awara da cakulan. Amma ƙin cin waɗannan ba ya maye gurbin magani, kuma kada a hana yaro abinci har ya rame.

Saura 'yan'uwan mai cutar. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar da aka tabbatar wa mutum ɗaya, duk wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi sai an gwada shi, ko da yana ɗaukar buhun albasa shi kaɗai, don kowannensu yana da kashi ɗaya cikin huɗu. A kira wadda aka aurar Yabo, a kira wanda ke ci-rani a Legas, a kira almajirin da ke Zariya. Ƙananan yara akan jira su kai kamar shekara 3 kafin a yi musu gwajin jini da fitsari. Wanda aka samu da ita tun bai fara ciwo ba, sau da yawa zinki kaɗai ake ɗora shi a kai, kuma in ya riƙe magani da wuya ya san rawar hannu. 'Yan uba da 'ya'yan mai cutar hatsarinsu bai kai haka ba, amma in auren gida ne ya haɗa iyayen, a faɗa wa likita, shi zai ce wa za a gwada.

Lokaci ya cim mana.  Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)